Kamun kifi da ƙwaron ƙarya

A kudancin ƙasar Ingila akwai wani gulbi mai suna Test. Tsawonsa kilometir 64 ne. Ƙarƙashin ƙasar wurin, farin dutse ne irin na alli. In an yi ruwan sama, dutsen yana shanye shi kamar soso. Ruwan yana tacewa sannu sannu, ya fito ta idanun ruwa. Shi ya sa ruwan gulbin garau yake, har ana ganin tsakuwar ƙasansa. Inda yake ɓuɓɓugowa, sanyinsa wajen digiri 10 ne, rani da damina. Irin waɗannan gulabe ba su wuce kamar 200 ba a duniya, kuma mafi yawansu a Ingila suke.

Cikin gulbin akwai kifin da ake kira turwit da Faransanci. Jikinsa yana da ɗige-ɗige ja da baƙi. Ba ya rayuwa sai cikin ruwa mai sanyi da tsabta. Ƙwari ne yawancin abincinsa. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni, wasu ƙwari masu fukafukai suna fitowa daga ruwa da yawa, kamar yadda shinge yake fitowa bayan ruwan sama. Sai kifin ya taso yana cafke su.

Masuncin wurin ba ya sa tana a ƙugiya. Yana ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikinta, har ta yi kama da ƙwaron. Wannan ƙwaron ƙarya ba shi da nauyi. Nauyin igiyar ne yake kai shi nesa. Wani mutum mai suna Frederic Halford ya wallafa littafi kan haɗa irin waɗannan ƙwari a shekarar 1886.

Kifin yana fuskantar inda ruwa yake fitowa, yana jiran abinci. Don haka masunci yakan laɓaɓo ta bayansa. Ba ya gaggawa. Yakan durƙusa, ya duba irin ƙwaron da kifin yake ci, ya zaɓi mai kama da shi. Sannan ya kaɗa sandarsa, ya jefa ƙwaron gaban kifin. In inuwarsa ta faɗa kan ruwa, kifin ya gudu. In ƙwaron bai bi ruwa daidai ba, kifin ya ƙi shi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Masunta da yawa in sun kama kifin, suna cire ƙugiyar a hankali, su mai da shi ruwa.

Amma gulaben suna cikin haɗari. Garuruwa suna jan ruwan ƙarƙashin ƙasa da yawa. Ƙazanta da takin zamani suna gangarowa ciki. In ruwa ya ɓaci, ƙwari su mutu. In babu ƙwari, babu kifi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan gulbin Test garau yake?
2. Da me ake haɗa ƙwaron ƙarya?
3. Don me masunci yake zuwa ta bayan kifi?
4. Me yake ɓata waɗannan gulabe?

Aiki

Ku ɗiga ruwa bisa guntun alli, ku ɗiga bisa tsakuwa. Me kuka gani? Ku rubuta cikin littafinku.