DARASI: KYAUTAR KAMFANI GA MAI RIƘE DA AMANA



Yau ina so mu ɗauki darasi daga tarihin kamfanonin taba sigari na Amurka, domin a cikinsa za mu ga yadda mai kuɗi yake shiga cikin hukumar da aka kafa don ta tsare jama'a daga gare shi.

A shekarar 1950 masu bincike a Ingila da Amurka suka fitar da sakamakon da ya nuna alaƙar shan taba da kansar huhu. A watan Disambar 1953 shugabannin manyan kamfanonin taba suka taru a otal ɗin Plaza da ke New York, suka ɗauki kamfanin tallata suna na Hill & Knowlton aiki. A Janairun 1954 suka buga sanarwa a jaridu fiye da 400, suna cewa lafiyar jama'a ce a gabansu, kuma sun kafa kwamitin bincike da kuɗinsu.

Ku lura da dabarar nan fa. Ba su tsaya a musun illar taba kawai ba. Likitoci da masana suka riƙa ba kuɗin bincike, domin a ci gaba da cewa har yanzu magana ba ta tabbata ba. Shakka kawai suke nema, tunda mai shakka ba ya daina saye.

A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya bayyana cewa taba tana haddasa kansar huhu. Majalisa ta yi doka a 1965 cewa a rubuta gargaɗi a jikin kwali. Amma gargaɗin ya fito da laushi, kuma dokar ta hana jihohi tilasta wani gargaɗi nasu a kan kwalin. To wa ya ci riba kenan?

A 1994 shugabannin kamfanoni bakwai suka tsaya gaban kwamitin majalisa, bayan sun yi rantsuwa, suka ce ba su yarda sinadarin nikotin yana kama mutum ba. Takardunsu na cikin gida da suka fito fili sun nuna kamfanonin sun daɗe da sani. A 1998 suka amince su biya jihohi 46 kimanin dala biliyan 206, a 2006 kuma kotun tarayya ta yanke cewa sun shafe shekaru suna yaudarar jama'a. Waɗanda suka mutu a tsakani, kuɗi bai dawo da su ba. Har yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara.

Duk lokacin da na bi wannan tarihi, ƙissar Ibnul Lutbiyya nake tunawa, wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Manzon Allah (SAW) ya tura shi karɓo zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna, ai da an ga ko kyautar za ta zo.

Ma'aunin kenan. Kai likita, da ba kai kake rubuta magani ba, kamfanin zai biya maka kuɗin jirgi zuwa taro? Kai ɗan majalisa, da ba kwamitinka ke duba dokar ba, zai gina maka rijiyar burtsatse a mazaɓa? Ni ma mai wa'azi ban tsira ba. Ranar da kamfani ya ɗauki nauyin shirina, ranar harshena zai fara nauyi a kan ɓarnarsa, don bakin da ya ci shi ke jin kunya.

Shi ya sa yarjejeniyar yaƙi da taba ta 2003, wadda Najeriya da Nijar suke ciki, ta wajabta wa gwamnatoci kare manufofin lafiya daga hannun kamfanonin taba.

Ba na cewa kasuwanci haramun ne, Sahabbai da yawa attajirai ne. Abin da nake roƙo shi ne, idan an kawo maka bincike ko labari, ka tambayi wanda ya biya kuɗinsa. Idan kuma kai ke kan kujera, ka auna kowace kyauta da ma'aunin nan kafin ka miƙa hannu.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya tsare mu daga cin haram.