Tafi bayan saukar jirgin sama

I. KARATU

1. Wata al'ada ta matafiya

Yara, kun san tafi. Kuna yi ma ɗan ajinku tafi in ya ba da amsa mai kyau. Ana tafi a filin kokowa in wani ya kayar da abokin karawarsa. Ƴan mata suna tafi a dandali da farin wata. To, akwai wani wuri kuma da ake tafi, shi ne cikin jirgin sama.

In jirgi ya taho daga nesa, ya sauko, tayoyinsa suka taɓa ƙasa, sai wani matafiyi ya fara tafi. Na kusa da shi su kama. Kafin a ankara, jirgi duka ya ɗauka. Tafin ba ya daɗewa, bai fi ƴan daƙiƙoƙi ba.

Ba ko'ina ake yin haka ba. An fi sanin wannan al'ada da mutanen Italiya, da Rasha, da Folan, da na Amurka ta Kudu. Mutanen tsibirin Fotoriko sun yi suna a kanta. Da yawa daga cikinsu suna aiki a birnin New York, a ƙasar Amurka. In jirgi ya sauke su a San Juwan, babban birnin tsibirinsu, sai su ɓarke da tafi, don sun iso gida.

Mutanen da suka saba shiga jirgi kowane mako ba su cika tafi ba. An fi jin shi cikin jirgin masu zuwa hutu, da masu komawa gida bayan sun daɗe a waje, da waɗanda ranar ce suka fara hawa sama. An fi jin shi kuma in an sha iska ko hadari a hanya.

Mine ne dalilin wannan tafi? Kafin mu ba da amsa, sai mun ga yadda jirgi yake sauka.

2. Yadda jirgi yake sauka

Babban jirgin matafiya yana tafiya wajen mita 10.000 zuwa 12.000 bisa ƙasa. Can sama sanyi yana kai digiri 50 ƙasa da sifiri. Gudun jirgin ya kai kilomita 850 a awa. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne bisa hanyar mota, kuma mota tana wuni a hanya. Da wannan gudu, awa ɗaya da ƴan mintoci sun isa.

Abin da ke gudu haka ba a tsayar da shi nan take. Tun saura wajen rabin awa a iso, matuƙi yake fara saukowa sannu sannu. A lokacin ne kunnuwan matafiya suke toshewa, don nauyin iska yana ƙaruwa in an kusanto ƙasa. Maganin wannan shi ne a haɗiye miyau ko a yi hamma.

In an kusa fili, sai matuƙi ya rage gudu. Ya buɗe wasu faifai da ke bayan fukafukai, don jirgi ya iya tafiya a hankali ba tare da ya faɗi ba. Ya fito da tayoyi daga cikin jirgi. Ya saita hancinsa da hanyar sauka. Kullum ana so jirgi ya fuskanci iska in zai sauka, kamar yadda shamuwa take yi. Iskar gaba tana rage mishi gudu, tana kuma tallabe shi.

Daga nan, cikin kowace mita 100 da ya ci gaba, jirgi yana saukowa wajen mita 5. Lokacin da tayoyi suka taɓa ƙasa, gudunsa yana nan wajen kilomita 250 a awa, nauyinsa kuwa ya kai tan 60, ko fiye da 200 in babba ne ƙwarai. Sai matuƙi ya taka birki, ya juya iskar injuna ta koma gaba. Ita ce babbar ƙarar da ake ji. Hanyar saukar manyan jirage takan kai kilomita 3, wata ma ta fi.

Kamfanin Boeing, mai ƙera jirage, yana ƙirga haɗurran da suka faru a duniya. Lissafinsa ya nuna kusan rabin munanan haɗurra suna faruwa ne a ƙarshen tafiya, wato wajen kusantar fili da sauka. Amma kada ku tsorata. Haɗarin jirgin sama kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na mota. Abin da lissafin ya koya mana shi ne, sauka ita ce aikin da ya fi neman natsuwa.

3. Wa ake yi ma tafi?

Matafiyi ya zauna awoyi tsakanin sama da ƙasa. Ba shi da abin da zai iya yi, ya ba da amanar ransa ga mutanen da bai taɓa gani ba. In ya ji ƙasa, sai hankalinsa ya kwanta. Tafin nan ajiyar zuciya ce. Godiya ce kuma ga matuƙi.

Amma ga abin mamaki: sau da yawa matuƙi ba ya jin tafin. Ɗakinsa yana can gaba, ƙofarsa mai kauri ce. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, ana kulle ta duk tsawon tafiya. Matuƙi yana da abin saurare a kunne, ga ƙarar injuna, ga aiki bai ƙare ba. Ma'aikatan da ke kula da matafiya su ne suke ji.

Ku sani kuma, matuƙi ba shi kaɗai yake saukar da jirgi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yana da mataimaki zaune kusa da shi. A ƙasa akwai masu ba da hanya, zaune cikin wata doguwar hasumiya. Su suke ce mishi: «Sauko», ko kuma: «Dakata». Akwai masu duba yanayi, waɗanda suke faɗin ƙarfin iska da nisan da ido ke gani. Aikinsu yana da nauyi a ƙasarmu lokacin hunturu, in hazo ya rufe gari. Akwai makanikai, da masu zuba mai, da masu kashe gobara.

Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa hukumar ASECNA a 1959, don kula da hanyoyin jiragen sama. Cibiyarta tana Dakar. Hukumar tana da makaranta a Yamai, mai suna EAMAC, tun 1963. A nan ake koyar da masu ba da hanya da masu duba yanayi na ƙasashen Afirka da yawa. Su ma suna da rabo cikin tafin, ko da yake ba su jin shi.

4. Sauka biyu da ba a manta ba

Ranar 23 ga Yuli 1983, wani jirgin ƙasar Kanada, ƙirar Boeing 767, ya kama hanyar birnin Edmonton da mutum 69. Yana tsakiyar tafiya, injunansa biyu suka mutu. Mai ya ƙare!

Yaya aka yi? Ma'aunin mai na jirgin ba ya aiki ranar nan, sai aka yi lissafi da hannu. Jirgin yana bukatar mai kilo 22.300. Amma a lokacin Kanada tana cikin barin awon laba, tana komawa awon kilo. Masu lissafi suka haɗa awon biyu. Jirgi ya tashi da laba 22.300, ana zaton kilo ne. Laba kuwa ba ta kai rabin kilo ba.

Matuƙin, Robert Pearson, ya iya tuƙa ƙananan jirage marasa inji, masu shawagi kamar shirwa. Ya lallaɓa babban jirgin nan har wani tsohon filin soja a garin Gimli. An riga an mai da wani gefen filin wurin tseren motoci, kuma akwai mutane a wurin. Tayar gaba ta lanƙwashe, hancin jirgi ya goga ƙasa, ya tsaya kafin ya kai gare su. Ba wanda ya mutu.

Ranar 15 ga Janairu 2009, wani jirgi ƙirar Airbus A320 ya tashi daga New York da mutum 155. Bai daɗe da tashi ba ya yi karo da garken manyan tsuntsaye irin dinya. Injuna biyu suka daina turawa. Matuƙin, Chesley Sullenberger, ya ga ba zai kai kowane fili ba. Sai ya saukar da jirgin bisa ruwan kogin Hudson, cikin tsananin sanyi. Jiragen ruwa suka sheƙo, suka kwashe kowa da ransa.

Yabon gwani ya zama dole. Waɗannan matuƙa sun cancanci tafi. Labarin farko kuma yana da gargaɗi gare ku: in kun rubuta lamba, ku rubuta ma'auninta. Kuskuren lissafi ɗaya ya kusa cin rayuka 69.

5. A wajenmu

Mu ma muna da hanyarmu ta nuna murna in an sauka lafiya. A da, kakanninmu suna zuwa Makka a ƙasa, da jakai da raƙuma. Suna ratsa Cadi da Sudan, su ƙetare Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru. Wasu suna mutuwa a hanya, wasu kuma suka zauna a Sudan, jikokinsu suna can har yau. Yanzu maniyyaci yana tashi daga filin Diori Hamani na Yamai, ya yi wajen kilomita 4.000, ya isa Jidda a ranar.

Cikin jirgin alhazai an fi jin «Alhamdu lillahi» da kabbara bisa ga tafi. In sun iso gida, mata suna guɗa, kowa yana cewa: «Barka da sauka!» Da tafi, da guɗa, da hamdala, duk abu ɗaya suke faɗi: mun tafi lafiya, mun iso lafiya.

6. Ya kamata a yi tafi?

Wasu suna cewa bai kamata ba. Suna cewa matuƙi aikinsa ya yi, kuma ba wanda yake yi ma direban mota tafi in ya shiga tasha. Wasu ma suna yi ma masu tafi dariya.

Wasu kuma suna cewa godiya ba ta ɓata komi. Ai ko manomi kuka iske a gona kuna ce mishi: «Sannu da aiki», alhali gonarsa ce yake noma.

Ba wata doka da ta hana tafi, ba kuma wadda ta tilasta shi. Mai so ya yi, wanda ba ya so ya bari, kada wani ya rena wani. Amma akwai abin da yake dole. Tayoyi sun taɓa ƙasa, amma jirgi yana nan cikin gudu. Wani lokaci ma matuƙi yakan sake tashi sama, ya zagayo, in ya ga saukar ba ta yi daidai ba. Saboda haka kowa ya zauna wurinsa, ɗamararsa a ɗaure, sai jirgi ya tsaya cak an kashe fitilar ɗamara. Mai gaggawar tashi ya ɗauko kaya yana iya faɗuwa, ko ya ji ma wani ciwo.

II. MA'ANAR KALMOMI

Matuƙi: mai tuƙa jirgi.
Hasumiya: dogon gini da ake hangen nesa daga bisansa.
Laba: ma'aunin nauyi na Ingilishi. Laba ɗaya wajen giram 454 ce.
Shawagi: yawo cikin iska da fukafukai a buɗe.
Maniyyaci: wanda ya yi niyyar zuwa aikin hajji.
Ɗamara: a nan, maɗaurin da ke riƙe matafiyi bisa kujerarsa.

III. TAMBAYOYI

1. Waɗanne matafiya ne suka fi yin tafi in jirgi ya sauka?
2. Don mi jirgi yake fuskantar iska in zai sauka?
3. Don mi matuƙi ba ya cika jin tafi ba?
4. Ku faɗi ma'aikata huɗu da suke taimakon matuƙi daga ƙasa.
5. Wane kuskure ne ya sa mai ya ƙare ma jirgin Kanada?
6. Yaushe ya kamata matafiyi ya kwance ɗamararsa?

IV. HARSHE

Ku karanta da ƙarfi:
Audu ya tafi Tawa.
Audu ya yi tafi.
Ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa.
Rubutun iri ɗaya ne, amma faɗin ya bambanta. A ina ake jan wasali? Ku yi jimla uku, kowace da ma'ana ɗaya.

V. LISSAFI

1. Jirgi yana gudun kilomita 800 a awa. Awa nawa zai yi kafin ya ci kilomita 4.000?
2. Laba 22.300 kilo nawa ce? Kilo nawa na mai suka rage ma jirgin Kanada?
3. Jirgi yana saukowa mita 5 cikin kowace mita 100. Saura kilomita 10 ya taɓa ƙasa. Mita nawa ne tsakaninsa da ƙasa?

VI. AIKIN GIDA

Ku tambayi wani alhaji ko wata hajiya ta unguwarku abin da mutane suka yi lokacin da jirginsu ya sauka. Ku rubuta abin da kuka ji cikin layi goma, ku kawo aji.

VII. MU RIƘE

A ƙasashe da yawa matafiya suna tafi in jirgi ya sauka, don murna da godiya. Saukar jirgi aiki ne na mutane da yawa, na sama da na ƙasa. Tafi ba dole ba ne. Zama da ɗamara har jirgi ya tsaya shi ne dole.