Darasi na 14: Sassabe da Tarakta

Kowane manomi ya san sassabe. In mutum zai buɗe sabuwar gona, ko zai koma saurar da ya bari ta huta, sai ya ɗauki gatari da adda ya shiga. Ya sare sabara da kalgo da geza, ya datse ƙaya. Amma sara ba shi ne ƙarshen wahala ba. Bayan sara sai kwasa. Ƙaya ba ta ɗaukuwa a ka, sai dai a ja ta da gwafa. Ga suka, ga kunama, wani lokaci har da maciji a ƙarƙashin tarin.

Yanzu akwai taraktar da ke yin wannan kwasa. Manoman Amurka suna aiki da irinta ƙwarai. In ƙungiyarku ta manoma ta yi hayar irinta, ko ta saya, akwai abu guda wanda tilas ku sani. Tarakta ba ta ɗaukar kaya a gaba sai an rataya mata nauyi a baya. Wanda ya ƙi kula da wannan yana wasa da ransa.

AWARTAKIN TARAKTA

A gaban taraktar akwai hannuwa biyu na ƙarfe, masu ɗagawa sama da saukowa ƙasa. A bakin hannuwan a kan ɗaura wani ƙarfe mai muƙamuƙi biyu, na sama da na ƙasa, kowanne da haƙora dogaye. Mu a nan za mu kira shi awartaki, domin aikinsu ɗaya da awartakin maƙeri, watau damƙa.

Direba ba ya sauka. Yana zaune zai taɓa wani ɗan ƙarfe, famfo ya tura mai da ƙarfi cikin tiyo, bakin awartaki ya buɗe. Sai ya tura haƙoran ƙasa ƙarƙashin tarin ƙaya, ya rufe na sama, ya ɗaga. Tsakanin haƙoran akwai fili, saboda haka ƙasa ta kan zube ta koma gona, itace kaɗai a ke tafiya da shi.

JAKI DA MANGALA

Ka taɓa ganin an ɗora wa jaki mangala, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi? Ba a nisa sai kaya su karkace su zube. Mai jaki da ya san aikinsa ya kan sa dutse a gefen da ba nauyi, sa'an nan su kama hanya.

To, haka tarakta ta ke, sai dai ita rinjayenta gaba da baya ne. In awartaki ya ɗauki kaya, ƙafafun gaba su ne tsakiyar sikeli. Kaya suna danna gaba, baya yana ɗagawa. Ga lahanin wannan guda uku.

Na ɗaya, manyan ƙafafun baya su ke tura tarakta. In ba su danna ƙasa sosai ba, sai su yi ta juyawa a banza.

Na biyu, birkin yawancin taraktoci a ƙafafun baya ya ke. In baya ya yi sakayau a kan gangare, ko direba ya taka birki tarakta ba ta tsayawa.

Na uku shi ne mafi muni. Ƙarfen da ya haɗa ƙafafun gaba a kan ƙusa ɗaya ya ke lilo, daga tsakiya. Ƙafafun baya su ke hana tarakta kifewa. In ɗayarsu ta bar ƙasa, ɗan rami kaɗan ya isa ya kifar da ita a kan direba.

GA LISSAFI

A ce awartaki ya damƙi itace mai nauyin kilo 400. A ce daga kayan zuwa ƙafafun gaba mita 1 da rabi ne, daga ƙafafun gaba zuwa na baya kuwa mita 2. In aka yi lissafi, nauyin da ke kan ƙafafun baya zai ragu da kilo 300, na kan ƙafafun gaba ya ƙaru da kilo 700. Buhun siminti kilo 50 ne. Watau kamar an ɗora wa ƙananan ƙafafun nan buhu 14 ke nan.

Yanzu a rataya nauyin kilo 480 a baya, mita 1 daga ƙafafun baya. Ƙafafun baya za su sami ƙarin kilo 720, na gaba su huta da kilo 240. Ka ga an gyara mangala.

Waɗansu su kan zuba ruwa cikin tayoyin baya, kashi 3 cikin 4. Wannan dabara ce mai kyau, tana sa taya ta kama ƙasa. Amma ba ta rage wa ƙafafun gaba kaya. Nauyin da ya zarce ƙafafun baya shi kaɗai ke yin haka.

INDA A KE RATAYA NAUYI

A bayan tarakta akwai maɗaurai uku inda a ke ɗaura garma, hannuwa biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Wani mutumin Ayalan ta Arewa, Harry Ferguson, shi ya ƙago wannan dabara. A shekarar 1939 kamfanin Ford na Amurka ya fara ƙera taraktoci da ita. Sunansa ne ku ke gani a jikin tarakta Massey Ferguson. A waɗannan maɗaurai uku a ke rataya nauyin baya.

Ba sai an sayo nauyin daga waje ba. Mai walda da birkila na garinku za su iya yinsa. Abin da a ke bukata shi ne tsohon duron mai, da sandar ƙarfe mai kauri, da faffaɗan ƙarfe biyu, da siminti, da yashi, da tsakuwa.

Duro yana cin lita 200. In an cika shi da ruwa, kilo 200 ke nan. In busasshen yashi ne, wajen kilo 320. In kankare ne, wajen kilo 480. Shi ya sa aka fi son kankare, ga shi kuma ba ya yoyo, ba ya tangaɗi. Ƙaramar tarakta rabin duro ya ishe ta.

YADDA A KE YINSA

1. A yanke murfin duro da kurfi da guduma, a wanke shi sarai. Kada mai walda ya kusantar da wuta ga duron da ke rufe, ko wanda ba a wanke ba. Tururin man da ya saura a ciki ya kan fashe ya kashe mutum.

2. A tsai da duro bayan tarakta, a sauke hannuwan nan biyu, a yi shaida inda suka tsaya. A huda nan, dama da hagu.

3. A zura sandar ƙarfe ta ratsa duro ta fito kowane gefe. A gwada bakinta da ramin hannun tarakta tukuna. Na ƙananan taraktoci milimita 22 ne, na matsakaita milimita 28. A huda bakin sandar inda ƙusar kulle za ta shiga.

4. A tsai da faffaɗan ƙarfen nan biyu cikin duro, a haɗa gindinsu da sandar da walda. Kawunansu su fito sama da huda, domin maɗauri na uku.

5. A kwaɓa kankare: siminti awo 1, yashi awo 2, tsakuwa awo 4. Siminti buhu 1 da rabi ya isa duro guda. A riƙa zubawa kaɗan kaɗan ana soka sanda, don kada a bar kogo a ciki. In akwai tsofaffin ƙarafa a jefa, gama ƙarfe ya ninka kankare nauyi sau 3. Mai dabara ya kan kafa guntun bututu a ciki, ya zama kuben adda da gatari.

6. A rufe da tsohon buhu, a riƙa yayyafa ruwa har kwana 7. Kankare ba ya cika ƙarfinsa sai ya kwana 28. Kada a yi garajen rataya shi ɗanye.

Sai dai a kula. Kowace tarakta tana da iyakar abin da za ta ɗauka, gaba da baya, an kuwa rubuta shi cikin littafin da ya zo da ita. Nan ma ga amfanin karatu. Nauyin baya in ya yi yawa, gaba ya kan yi sakayau, sitiyari ya ƙi ji. Ran da aka kwance hannuwan gaba, a sauke duro.

RANAR AIKI

Tun kafin tarakta ta zo, mai gona ya zaga gonarsa da ƙafa. Inda akwai rami, ko kututture, ko suri, ko tsohuwar rijiya, ko bakin kwazazzabo, ya kafa sanda ya ɗaura tsumma. Direba baƙo ne, ciyawa kuwa tana ɓoye abubuwa da yawa.

Direba ya riƙe waɗannan dokoki.

Ya tafi da kaya ƙasa ƙasa, kusa da doron ƙasa. Kada ya ɗaga sai ya tsaya inda zai jibge.

Ya damƙi itace daga tsakiya. Dogon reshe a datse shi tukuna, kada ya zamo ta kan hannuwan ya bugi direba, ko ya huda lagireto.

Ya sa ƙaramar giya, ya sha kwana a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

A kan tudu ya hau sak, ya sauko sak, kada ya gitta gangare. In da kaya a awartaki, kayan su dubi tudu, watau ya hau da gaba, ya sauko da baya.

Kada ya ɗaura sarƙa a maɗaurin sama don tumɓuke kututture. In kututturen ya ƙi, tarakta ta kan miƙe ta faɗi ta baya, ba ta ko cika sakan 2 ba. Ba mai iya tsalle cikin wannan lokaci.

Kujerar tarakta ta mutum ɗaya ce. Ba a goyon kowa, ko a kan duro, ko a cikin awartaki. Yara su yi nisa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin kayan da aka ɗaga, domin tiyo yana iya fashewa.

In an tashi aiki, a sauke awartaki da duro su taɓa ƙasa, a ja birki, a kashe inji, a zare mabuɗi.

Har wa yau, a duba ko taraktar tana da baka na ƙarfe bisa kan direba, wanda ke tare ta in ta kife. Ƙasar Suwidin ce ta fara tilasta sa shi a sababbin taraktoci, a shekarar 1959, mutuwar direbobi kuwa ta ragu ƙwarai. In akwai shi, direba ya ɗaura bel ɗin kujera.

ABIN DA BA A TAƁAWA

Tarakta ba ta san kaɗanya ba, ba ta san ɗorawa ba. Mai gona shi zai nuna. A bar gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya ba gona taki. A bar kuka da tsamiya. Ko cikin ƙananan itatuwa a zaɓi waɗansu a bari. A ƙasar Maraɗi, tun daga shekarar 1983, wani ma'aikacin gona mai suna Tony Rinaudo ya yi ta nuna wa manoma su bar tohon kututture, su rage shi, su raini mai ƙarfi. Gonakin da iska ta ke kwashewa suka sāke samun inuwa.

Abin da aka kwasa kuma ba na wuta ba ne duka. Ƙaya ta yi shinge, masu kauri su tafi murhu.

To, jama'a, tarakta baiwa ce mai ƙarfi, amma ba ta da hankali, sai na wanda ke kanta. Ran da ta zo gonarka, kafin ka dubi haƙoranta na gaba, zaga ka dubi bayanta. In ba ka ga nauyi ba, ka ce wa direba ya dakata. Rigakafi ya fi magani.

KALMOMIN DA ZA A RUBUTA

sassabe, tarakta, awartaki, mangala, sikeli, duro, kankare, gangare, kututture, shinge

TAMBAYOYI

1. Me ya sa bayan tarakta ya kan ɗaga in ta ɗauki kaya a gaba?
2. Faɗi lahani uku da wannan ke jawowa.
3. Don me aka fi son kankare da ruwa cikin duro?
4. Me za a yi wa duro kafin mai walda ya taɓa shi?
5. Yaya direba zai sauko daga tudu in yana ɗauke da kaya?
6. Waɗanne itatuwa za ka hana a taɓa a gonarka?

LISSAFI

1. Duron kankare kilo 480 ne. Rabinsa kilo nawa ne?
2. Duron kankare ya fi duron ruwa da kilo nawa?
3. An zuba kankare ran 3 ga wata. Ran nawa ga wata za a daina yayyafa masa ruwa?