Ga Wanda Aka Bai wa Kujera

Ɗana, na ji an ba ka ofis. Allah Ya sanya albarka, Ya ba ka ikon riƙewa. Kafin 'yan taya murna su cika maka kunne da "ranka ya daɗe", ga tawa 'yar gudunmawar.

Ba a gaban gwamna ake sanin halin ma'aikaci ba, kowa ya iya rusunawa a can. A wajen masu jira bakin ƙofa ake saninsa. Tsohon malamin firamare zai taso daga ƙauye tun asuba, kuɗin motar ma rance ne, takardun fanshonsa ƙunshe cikin leda. Idan ya shigo, ajiye waya, ka amsa sallamarsa, ka ba shi wurin zama. Yi masa ya hanya kafin ka tambayi lambar fayil. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

In buƙatarsa mai yiwuwa ce, biya masa yau. In ba ta yiwuwa, faɗa masa gaskiya da dalili, ka nuna masa inda zai nufa. Ka ce wa mutum "dawo gobe" alhali ka san goben ma babu, zalunci ne ko da murmushi ka faɗa. Kada kuma ka sa masinja ya ce "oga ba ya nan" kana ciki. Yaron da ka koya wa ƙarya, wata rana kai zai shirga wa.

Wannan tsohon karatu ne. Fiye da shekara 500 da suka wuce Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, kuma abin da ya yi ta nanatawa shi ne kada sarki ya shige ciki ya ɓuya wa talakawansa. Malam Aminu Kano ya riƙe kwamishinan lafiya na tarayya zamanin Gowon, amma har ya rasu a 1983 gidansa na Gwammaja bai rabu da talakawa ba.

Sai ka kula da hannunka. Wanda bai taɓa kawo maka tsaraba ba sai da ka hau kujera, kujerar ya kawo wa. Mayar masa da abinsa cikin mutunci, ba tare da tozartawa ba. Motar ofis kuwa ta aiki ce, ba ta kai amarya ba.

Albashinka daga dukiyar mutanen nan yake fitowa, kuma duk takardar da ka sa wa hannu za a tambaye ka ita gobe kiyama. Ka riƙa sallamar mutane da wuri, ɗana. Allah Ya yi maka jagora.