Kwamfuta Ta Ƙi Hawa Talabijin: Abin Yi da Abin Bari a Illela

Wannan na mai gidan kallo ne, da malamin da ke son nuna wa ɗalibai darasi a babban allo, da magidancin da ya sayo laftof ta gwanjo daga Sakkwato ko Ƙonni. Ku bi shi daki-daki, banda tsallake.

Kada ka fara da zagin wanda ya sayar maka da kwamfutar. Ɗauki rimot, danna inda aka rubuta Source ko Input, ka zaɓi ƙofar da ka soka wayar. Idan ka soka a HDMI 2, talabijin kuwa yana jiran hoto a HDMI 1 inda dikoda take, to har magariba babu abin da za ka gani. Leƙa bayansa, kowace ƙofa da lambarta.

Ka danne maɓallin Windows tare da harafin P, ka zaɓi Duplicate, hoto ɗaya ya fito a allunan biyu. In ka ga hoton bango kaɗai a talabijin, fim ɗin kuma yana kan kwamfuta, ba lalacewa ba ce, Extend aka zaɓa. Tun da aka sake buɗe iyaka a Maris na 2024 kayan Nijar suka dawo hannun mutane, wasu kwamfutocin da Faransanci suke magana, madanninsu kuma da AZERTY ya fara. Kada wannan ya ruɗe ka: P na nan inda ka san shi, Dupliquer za ka nema.

Kada ka nemi murya a wayar VGA, mai shuɗin kai, wadda ƙofarta ke da rami 15. Tun 1987 da IBM ya fito da ita hoto kaɗai take ɗauka, sai ka haɗa mata siririyar wayar sauti daban. HDMI ce ke ɗaukar hoto da murya tare. In za ka sayi ɗan akwatin da ke juya wannan zuwa wancan, ka sani hanya ɗaya yake bi: mai karɓar HDMI ya fitar da VGA ba ya aiki a baibai. Gaya wa mai shago wace ƙofa ce a kwamfutarka, wace ce a talabijin, ya gwada a gabanka kafin ka biya. Haka ma ƙaramar ƙofar USB-C, ba kowacce ke fitar da hoto ba. Wata caji da kwasar fayil ne iyakarta, ko wace adafta ka sa mata.

Yanzu ga inda ake asarar kuɗi na gaske, wato wuta.

Kada ka soka ko ka zare HDMI alhali janareto na ruri, talabijin a kunne, caja a jone. Masu ƙera ta sun yi ta ne don a iya sokawa a kunne, gaskiya ne, amma sun yi lissafi da gidan da wayarsa ke da layin ƙasa. Gida nawa ne a Illela ke da shi? Sannan cajojin da ke shigowa ta Ƙonni masu ƙafa biyu ne zagayayyu, irin na Faransa, soket ɗinmu kuwa mai rami uku ne irin na Ingila, sai a sa tsinke a buɗe ramin sama a cusa da ƙarfi. Ka daina. Sayi adafta ko ka canja kan filogin. Idan ka taɓa ƙarfen kwamfutar ka ji tana ɗan tsikarinka, ko ka ga tartsatsi lokacin da bakin wayar ya taɓa ƙofa, wuta ce ke neman hanya, kuma ta cikin HDMI za ta bi. Ƙofar da ta ƙone ba a farfaɗo da ita da danne-danne, sai an kai wa mai gyara ya buɗe ciki.

Ga tsarin da za ka bi kullum: kashe talabijin daga bango, cire caja, soka HDMI a ɓangarorin biyu, kunna talabijin, sannan kwamfuta. Ka jona su a soket mai tsawo guda ɗaya, kada ɗaya ta sha wutar NEPA ɗaya ta sha ta janareto ko ta sola. In an tada inji, a bar shi ya daidaita kafin a kunna komai. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, zare wayar dish da ta HDMI gaba ɗaya, ko da wasan bai ƙare ba. Masu kallo za su yi gunaguni. Su yi.

Kada ka hura ƙofar da baki, kada ka ƙwaƙule ta da allura. Ƙurar hunturu na cika ta, amma siraran haƙora 19 ne a ciki. Busasshen burushi mai laushi ya isa, na'ura a kashe.

In hoto ya fito gefensa a yanke, ba kwamfutar ke da laifi ba. Shiga saitin girman hoto na talabijin, a LG ka nemi Just Scan. In ya rubuta cewa bai gane siginar ba, rage girman allon zuwa 1280 x 720, saurin kuma 60Hz, domin yawancin masu inci 32 na araha iyakarsu 1366 x 768. In allon ya yi baƙi ƙirin bayan yana aiki, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare. In hoto ya zo babu murya, danna alamar lasifika a ƙasan allo ka zaɓi sunan talabijin.

Kada ka ja waya mai arha tun daga ɗaki har ƙarshen rumfa. In ta haura mita 10 hoto kan fara ƙyaftawa. Matso da kwamfutar.

Kada ka hau mota ka yi tafiyar fiye da kilomita 80 zuwa Sakkwato kafin ka ari wayar maƙwabci, ka gwada wata ƙofar, ka gwada wani talabijin. In duka ukun sun ƙi, to kai kwamfutar. Amma ka kwashe fayilolinka a filashi tukuna, ka gaya wa mai gyara ƙarara cewa ƙofar HDMI ka kawo a duba, kada ya share maka Windows.