Darasin Madatsar Alau: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Sa Harsashin Gini

Da daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga watan Satumba, 2024, ruwa ya fi ƙarfin madatsar Alau da ke Ƙaramar Hukumar Konduga a Jihar Barno, wani ɓangarenta ya ɓalle, ruwan ya bi kogin Ngadda ya afka cikin Maiduguri. Ya shiga unguwar Gwange, da Kasuwar Litinin, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da harabar fadar Shehun Barno, ya kuma raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallansu. 'Yan kasuwa sun yi asarar hatsi da atamfa da magunguna da sauran hajar da suka jibge a ɗakunan ajiya. Shekaru 30 kafin nan, wato a 1994, birnin ya sha irin wannan ambaliya daga wannan kogi.

An gina madatsar tsakanin 1984 da 1986 domin samar wa Maiduguri ruwan sha da kuma noman rani, kuma kafin ɓallewarta tana iya riƙe ruwan da ya kai kubik mita miliyan 112. Kowace mita ɗaya ta irin wannan awo, wato akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita guda ne, nauyinta tan ɗaya ne. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira miliyan dubu 80 domin sake gina madatsar. Wannan aikin hukuma ne. Abin da ya rage a hannun ɗan kasuwa shi ne shagonsa, da ɗakin ajiyarsa, da gidan mansa, da injin niƙansa. Kuɗin da ya fi tsare masa waɗannan kadarori shi ne wanda yake kashewa kafin a ɗora bulo na farko, wajen auna fili, da gwada ƙasa, da gano inda ruwa yake bi.

Auna fili

Aikin safiyo iri biyu ne, amma mafi yawan masu sayen fili ɗaya kawai suka sani. Na farko shi ne tantance iyaka. Safiyo yana auna tsawo da faɗi, ya kafa turakun siminti a kusurwoyi, ya zana taswirar da za a haɗa da takardar mallaka. Bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, gwamnan jiha ne yake riƙe da ƙasa a madadin jama'a, kuma shi yake ba da takardar shaidar mallaka, wadda bankuna ke nema kafin su karɓi fili a matsayin jingina. Fulotin da aka saba da shi, mai ƙafa 50 da ƙafa 100, murabba'in mita 465 ne ko kusa da haka, hekta kuwa murabba'in mita 10,000 ce. Taswirar da hukuma ke amincewa da ita ita ce wadda safiyo mai rajista da hukumar SURCON, wadda aka kafa a 1989, ya sa wa hannu.

Aiki na biyu shi ne auna tudu da gangare. Mafi yawan ƙasar Barno shimfiɗaɗɗiya ce, har ido yakan ɗauka ko'ina daidai yake, alhali bambancin rabin mita ya isa ya sa shago ɗaya ya tsira, na kusa da shi ya cika da ruwa. Safiyo yana ɗaukar wani tabbataccen wuri, kamar saman kwalbati ko tsakiyar kwalta, ya mai da shi ma'auni, sa'an nan ya gwada tsayin kowane sashe na filin da shi. A yankin da ambaliyar 2024 ta shafa akwai wata shaida ta kyauta, wato zanen da ruwa ya bari a jikin bango da itatuwa, da kuma abin da maƙwabta suka gani da idonsu. Ya kamata a auna wannan alama, a rubuta ta a taswira, a kuma ɗaga daɓen ginin ya zarce ta, ko a ƙalla a gina dandamalin ajiye kaya a samanta.

Sanin ƙasa

Garin Konduga yana kudu maso gabashin Maiduguri a kan hanyar Bama, kuma duka garuruwan uku suna kan wani dogon tudun yashi ko a gefensa. Masana sun tabbatar da cewa tudun nan shi ne gaɓar Tafkin Chadi a dubban shekarun da suka shuɗe, lokacin da tafkin ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Saboda wannan tarihi, mai gini a yankin yana iya cin karo da ƙasa iri uku a ɗan taƙaitaccen wuri: jigawa a kan tudu, laka da taɓo a bakin kogi da fadamu, da kuma baƙar ƙasar nan da Barebari ke kira firgi, wadda ta fi yawa idan aka nufi gabas da arewa maso gabas.

Firgi albarka ce ga manomin masakwa, amma ga magini masifa ce. Da damina tana shan ruwa ta kumbura ta ɗaga harsashi, da rani ta bushe ta tsattsage ta sake shi. Bayan 'yan shekaru sai bango ya dare, ƙofa ta ƙi rufuwa, daɓe ya fashe. Yashi kuwa yana ɗaukar nauyi sosai idan an danne shi, amma ruwa mai gudu yana zaizaye shi daga ƙarƙashin gini.

Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da ke ƙasa ita ce haƙa ramukan gwaji masu zurfin mita 1.5 zuwa 2 a wurare uku ko huɗu na filin, injiniya ya duba, ya ɗebi samfuri zuwa ɗakin gwaji. Ga bene ko tankin ruwa mai tsawo ana buƙatar haƙa mai zurfi da na'ura. Sakamakon gwajin ne zai nuna irin harsashin da ya dace. A ƙasa mai ƙarfi, harsashin da ke bin layin bango ya wadatar. A firgi ana kwashe baƙar ƙasar a cike da marmara ko yashi, ko a zuba shimfiɗar kankare mai rodi a ƙarƙashin ginin baki ɗaya domin ya motsa tare, ko a kafa ginshiƙan da za su ratsa lakar su taka ƙasa mai ƙarfi. Idan ana ciko, ba a juye tifa a baje a ɗora gini. Ana zuba ƙasar ne hawa-hawa, kaurin kowane hawa kimanin santimita 15, a yayyafa ruwa, a danne da inji kafin a ƙara wani.

Hanyar ruwa

Ruwan shekara a yankin Maiduguri ba shi da yawa, amma mafi yawansa yana sauka ne cikin watannin Yuli da Agusta da Satumba, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Lissafinsa mai sauƙi ne. Idan aka yi ruwa milimita 50 a kan rufin ɗakin ajiya mai murabba'in mita 1,000, lita 50,000 ce za ta zubo, wato duro 250 mai cin lita 200. Wannan ruwa dole ya sami hanya, in kuwa ba a yi masa ba, zai yi wa kansa ta gindin bango. Magudanar ruwa tana buƙatar gangare na kimanin santimita ɗaya a kowace mita, kuma tilas bakinta ya sauka a lambatun da ya fi ta ƙasa. Mai gini a kan hanyar ruwa, ko mai toshe kwalbati domin ya faɗaɗa gaban shagonsa, yana tura asara ne ga maƙwabcinsa kafin ta dawo kansa.

Kankare da rodi

A kewayen Maiduguri da Konduga babu dutse, don haka ana ɗauko tsakuwa daga nesa, kamar duwatsun yankin Gwoza. Masana'antar siminti mafi kusa ita ce ta Ashaka a Jihar Gombe. Kuɗin mota yana sa kayan nan tsada, kuma tsadar ce ke jan marasa amana su rage awo. Don haka ya wajaba mai aiki ya san ƙa'idar da kansa.

Haɗin da aka saba amfani da shi a ƙananan gine-gine shi ne 1:2:4, wato kashi ɗaya siminti, biyu yashi, huɗu tsakuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma yana cika kwanon sarki biyu, saboda haka buhu ɗaya yana tafiya da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Kowace kubik mita ta irin wannan haɗi tana cin buhu shida da ɗan ɗori. Daɓen da ke da tsawon mita 20, faɗin mita 10, da kaurin santimita 15, zai ci kusan buhu 190. Idan ɗan kwangila ya gama shi da buhu 120, mai aiki ya san inda sauran suka tafi.

Ruwan kwaɓi kada ya wuce lita 25 zuwa 30 a kowane buhu. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin zubawa, amma yawan ruwa yana kashe ƙarfin kankare. Bayan an zuba kuwa, sai a juya lamarin: a riƙa shayar da shi ruwa a ƙalla kwana bakwai, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, da kuma lokacin hunturu da iska ke busar da komai. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi sai bayan kwana 28, shi ya sa ake ɗibar samfuri a matse shi a ɗakin gwaji a rana ta 7 da ta 28. Rodi kuma dole kankare ya lulluɓe shi da kaurin santimita 2.5 a saman bene, da santimita 5 a harsashi, domin kada tsatsa ta ci shi. Injiniya ya duba yawan rodi da kaurinsa kafin a zuba, gama abin da kankare ya rufe ya rufu ke nan.

Kwangila da biyan kuɗi

Kowane mataki yana da ma'abucinsa: mai zanen gini, da injiniya mai rajista da hukumar COREN wadda aka kafa a 1970, da mai ƙididdigar kaya da farashi, da magini. Birkila, komai ƙwarewarsa, ba shi ne zai yanke yawan rodin da bene zai ɗauka ba. Kafin a fara aiki a sami amincewar hukumar tsara birane, a kuma rubuta yarjejeniya mai ɗauke da jerin kaya da adadinsu da farashinsu, domin a iya kwatanta tayin 'yan kwangila layi da layi. Tayin da ya fi kowane araha yana buƙatar bincike fiye da sauran, don araha ba ta ado.

A biya kuɗi mataki-mataki, bayan injiniya ya tabbatar da kammala harsashi, da linta, da rufi. Al'adar kwangila ce a riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har tsawon wata shida bayan miƙa aiki, domin gyaran duk wani aibi da ya bayyana. A yankin Konduga ya fi kyau a tsara wannan wa'adi ya ratsa damina guda, tun da ita ce ke tona asirin gini. Haka nan a tanadar wa ma'aikata hular kwano da takalma, a tokare bangon rami mai zurfi a ƙasa mai yashi domin kada ya rufta a kansu, a kuma nemi inshorar da ta ambaci ambaliya ƙarara a cikin takardarta.

Kuɗin safiyo da na gwajin ƙasa ɗan ƙaramin kaso ne na abin da ginin zai ci, amma su ne ake fara yankewa idan aljihu ya matse. Gyaran harsashi bayan an yi rufi yakan tilasta a kwashe haja, a rufe shago, a fasa daɓe, ga kuma cinikin da aka rasa a tsawon watannin gyara. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ga mai shirin gini a bakin Ngadda, zanen yana farawa ne da alamar da ruwan 2024 ya bari a bango.