Yadda A Ke Karanta Farashin Takardun Bashin Gwamnati

Yau ina yi muku magana daga Summerfield, wani ƙaramin gari kusa da birnin Greensboro, a Jihar Karolina ta Arewa cikin Amurka. Zancenmu na yau a kan takardun bashin Gwamnati ne, watau yadda a ke faɗin farashinsu, da kuma mafi ƙarancin abin da mutum zai iya saye.

Idan Gwamnati tana bukatar kuɗi don yin hanya ko asibiti, takan ranta daga hannun jama'a. Sai ta ba mai kuɗin takarda, wadda ta nuna yawan bashin, da ruwan da za a riƙa biya, da ranar da za a mayar da uwar kuɗi. Mai takarda yana da ikon sayar da ita a kasuwa tun wa'adi bai cika ba. To, a nan ne maganar farashi ta ke tasowa.

Ba a faɗin farashin takarda da dala ko naira kai tsaye, sai a auna shi bisa ɗari. Idan an ce farashi 100 ne, za ka biya daidai abin da ke rubuce a takardar. Idan an ce 98, za ka biya 98 a kan kowane 100. 'Yan kasuwar Amurka kuwa sukan raba kowane ɗaya kashi 32. In ka ga an rubuta 99-16, ma'anarsa 99 da kashi 16 cikin 32, watau 99 da rabi. Saboda haka takardar dala 1,000 za ta tsaya maka dala 995. Bayan wannan, mai saye yakan biya mai sayarwa ruwan da ya taru tun biyan da aka yi na ƙarshe.

Me ke sa farashi ya faɗi? A ce kana da takardar naira 1,000 mai ba da naira 100 a shekara. Sai Gwamnati ta fito da sabuwa mai ba da naira 125. Ba wanda zai sayi taka a 100. In wa'adinta yana da nisa ƙwarai, sai ka rage ta zuwa wajen 80, domin naira 100 a kan naira 800 ita ce kashi goma sha biyu da rabi bisa ɗari. Watau in ruwa ya hau, farashin tsohuwar takarda ya sauka. Wanda ya jira wa'adi zai karɓi uwar kuɗinsa cif, amma wanda bukata ta sa ya sayar a tsakani yana iya yin hasara.

Sauran maganar mafi ƙarancin saye. Tun 2008 Baitulmalin Amurka ya rage shi daga dala 1,000 zuwa dala 100, har manomin Summerfield yana iya saye daga ɗakinsa ta intanet. A Nijeriya, cikin watan Maris 2017, Ofishin Kula da Basussuka ya fito da takardar tanadi don masu ƙaramin ƙarfi, ta shekara biyu ko uku, mafi ƙaranci naira 5,000, ana biyan ruwa kowane wata uku. Ga waɗanda ke gudun riba kuwa, a watan Satumba 2017 aka fito da Sukuk na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, mafi ƙaranci naira 10,000. Mai Sukuk kuɗin haya ya ke karɓa.

Saboda haka, kafin ka zuba kuɗinka, tambayi dillali farashi bisa ɗari, da ranar cikar wa'adi, kuma kada ka sa kuɗin da za ka bukata kafin ranar nan.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.